Ƙarfen da Ke Hana Mota Tangaɗi: Darasi Daga Motar Rimot

Laccar da aka gabatar a Bahindi, ƙaramar hukumar Bagudo, ga kanikawa, direbobi, malaman makaranta da ɗalibai



  

Maganata ta yau a kan ƙarfe guda ɗaya ce. Duk bakaniken da ya taɓa shiga ƙarƙashin Golf ko Hiace ya san shi. Dogon ƙarfe ne da ya gitta daga ƙafar hagu zuwa ta dama, an tanƙwara ƙarshensa biyu, kowane ƙarshe an haɗa shi da ƙafa da linkej. A gareji sitabilaiza ake ce masa. A motocin haya kaurinsa yakan kai milimita 20 ko sama da haka kaɗan. A wannan motar rimot da ke kan tebur kuwa, 'yar waya ce da ba ta kai milimita 2 ba. Amma aikinsu ɗaya, lissafinsu ɗaya. Shi ya sa na zo da ƙaramar, don ita ce za mu iya kifarwa a gabanku son ranmu, ba jini, ba asara.

Na san akwai dattijon da ke cewa a ransa, ashe a kan abin wasan yara aka tara mu? Baba, a yi mini haƙuri kaɗan. Mu mutanen bakin iyaka ne. Shinkafarmu da albasarmu da busasshen kifinmu, wanda zai nufi Tsamiya ya tsallaka Segbana, da wanda zai bi ta Illo da Lolo, da wanda zai haura Jega da Birnin Kabi, duk a bayan mota suke tafiya. Kuma babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa tarar da mota kwance a bakin kwana ba, buhuna a warwatse, mutane sun yi cirko-cirko. Mun yi imani da ƙaddara. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, sababin kifewar mota kuwa abu ne da ake aunawa. Ita wannan 'yar motar makaranta ce ta koyon wannan awo.

Masu ita ma ba su ɗauke ta abin wasa ba. Tun shekarar 1966 wani kamfani a Italiya ya fitar da ƙaramar Ferrari mai tafiya da rimot. Kamfanin Tamiya na Japan ya shigo harkar a 1976, a 1979 kuma aka kafa ƙungiyar IFMAR mai shirya gasar duniya ta tseren waɗannan motoci. Kamfanin Traxxas na Amurka yana da wadda ke gudun kilomita 160 a awa. Akasarinsu ana ƙera su ne kashi ɗaya cikin 10 ko ɗaya cikin 8 na girman mota ta gaske, kuma kowace ƙafa tana da hannunta, da sifirinta, da shokozobarta mai mai a ciki.

Sai dai in faɗa muku gaskiya tun yanzu, don kada wani yaro ya ɓata kuɗin uwarsa. Motocin rimot da aka fi kawowa kasuwanninmu lokacin sallah, tayoyinsu a kan sanda guda suke a kafe, ba sa hawa ba sa sauka. Irin waɗannan ba a sa musu sitabilaiza, don babu abin da zai yi. Sai motar da kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai. Wanda bai da irinta kada ya damu, zan zo kan yadda zai ƙera tasa.

To, me ƙarfen yake yi?

Idan mota ta shiga kwanar dama, gangar jikinta tana son ta ci gaba da miƙewa, sai ta kwanta hagu. Sifirin hagu ya danne, na dama ya saki. Ku dubi wayar nan a hannuna. Tsakiyarta a ɗaure take a jikin motar, amma ɗaurin da zai bar ta ta juya. In na ɗaga ƙarshenta biyu tare, ba ta yi mini gardama ba, juyawa kawai ta yi. Wato in tayoyi biyu suka hau tudu lokaci guda, ƙarfen ba ruwansa. Yanzu in ɗaga ƙarshe ɗaya in danne ɗayan. Kun ga dole tsakiyar ta murɗe, kuma tana ƙin murɗewar. Wannan ƙin shi ne dukan aikin. Ƙafar da aka danne tana jawo 'yar'uwarta sama, sai jikin motar ya rage kwanciya.

Hikimar ita ce an raba matsala biyu da a da suke cakuɗe. In ka sa sifirin mai tauri don hana tangaɗi, fasinja zai sha jijjiga a kowane rami. In ka sa mai taushi don jin daɗinsa, mota za ta riƙa kwanciya a kwana. Da wannan ƙarfe sai a bar sifirin da taushinsa, shi kuma ya tsaya wa kwana. Wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ne ya fara samun takardar mallakar wannan fasaha a 1919, amma ba ta yaɗu a motocin jama'a ba sai daga shekarun 1950, lokacin da aka koma sifirin mai naɗi, mai taushi.

Yanzu sai ɗaura wayar a motar rimot. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake gane mai haƙuri da mai gaggawa.

Kafin ka taɓa wayar, cire tayoyi, kwance shokozoba daga hannayen ƙafa, ka ɗora motar a kan ɗan katako yadda ƙafafunta za su yi lilo. Ɗaga kowane hannu ka saki. In bai faɗo da kansa ba, akwai ƙasa ko tsatsa ko lanƙwasa a wurin, kuma sai ka gyara wannan tukuna. Duk wanda ya ɗora sitabilaiza a kan ƙafa mai cijewa, ba zai taɓa sanin wanne ne ke ba shi matsala ba.

Sannan ka kwantar da wayar a kan gilashi ko madubi. Ƙarshenta biyu su taɓa gilashin tare. In ɗaya ya ɗaga, ko da kaurin takarda ne, murɗe shi a hankali har ya kwanta. Wayar da ta zo a karkace za ta riƙa danne ƙafa ɗaya tun motar tana tsaye, sai ka ga tana shan kwanar hagu da kyau, ta dama kuwa tana gardama, kai kuma kana ta zargin sitiyari.

Daga nan ka sa ta cikin maƙalanta biyu da ke jikin akwatin giya. Auna da rula, abin da ya fito hagu ya zama daidai da abin da ya fito dama. A kan maƙalan akwai 'yan ƙananan sukurori marasa kai da ake ɗaurewa da alanki, kuma a nan yawancin masu koyo ke ɓata aiki. Hannun bakanike ya saba da ɗaure noti har sai ya yi ƙara. Wannan ba ya son haka. Ɗaure har wayar ta daina kaɗawa, sannan ka ɗan sassauta. Alamar ka dace ita ce ka ɗaga ƙarshen wayar ka saki, ta faɗo da nauyin kanta, amma in ka girgiza ta ba ta ƙwanƙwasa. In ta cije, ta hana ƙafa aikinta. In ta yi sako-sako, motar za ta gama kwanciya kafin ƙarfen ya farka.

Saura linkej biyu. Tsawonsu ya zama ɗaya, kuma inda kowanne ya kama wayar ya zama nisa ɗaya daga lanƙwasa. Sai gwajin da ba a tsallakewa: ɗaga hannun hagu a hankali, ka lura da daidai inda na dama ya fara motsi. Koma ka ɗaga na dama, ka lura da na hagu. In ɗaya ya riga ɗaya amsawa, ƙara ko rage tsawon linkej guda da rabin juyi, ka sake gwadawa, har su daidaita. Sai a lokacin za ka mayar da shokozoba da tayoyi, ka danna motar ka saki, ka auna tsayinta daga ƙasa ta kowane gefe.

Ƙannena 'yan makaranta, ga inda lissafin aji ya shigo gareji. Taurin waya wajen murɗewa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. Kaurin ake ninkawa da kansa har sau 4. Waya mai milimita 2 ba ninki 2 ta fi mai milimita 1 tauri ba, ninki 16 ne: 2 sau 2 sau 2 sau 2. Daga milimita 1.2 zuwa 1.4, bambancin da ido ba ya ko gani, tauri ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin 100. Wayar tayar keke, wadda na san ita za ku fara rarumowa, kaurinta wajen milimita 2 ne, ke nan ta fi mai 1.2 tauri kusan ninki 8. Ta yi wa ƙaramar mota yawa. Ku nemi siririyar waya mai tsalle, wadda in an lanƙwasa ta kaɗan aka saki take komawa yadda take. Wayar ɗaurin rodi ba ta yi, don ita inda aka murɗa ta nan take zama. Kuma a lanƙwasa da filaya a sanyi. In aka sa ta a wuta ta yi ja, tsallen ya mutu. Akwai kuma wata hanyar ƙara tauri ba tare da sauya waya ba: matso da linkej kusa da lanƙwasa, hannun ya gajarta, ƙarfen ya ƙara ƙarfi.

Da an fita fili, za ku ga abin da ya fi ba masu koyo mamaki. In ka sa mai kauri a gaba, motar takan ƙi shan kwana, ka juya sitiyari ita kuwa ta miƙe. In ka sa mai kauri a baya, bayan ne ke fizgewa ya nemi wuce gaba. Dalili yana wajen taya. In ka ninka nauyin da ke kan taya, riƙon da take yi wa ƙasa yana ƙaruwa, amma ba ya kai ninki biyu. Saboda haka tayoyi biyu da suka raba nauyi daidai sun fi riƙe ƙasa a kan biyun da ɗaya ta ɗauke kusan duka. Gefen da ƙarfensa ya fi tauri, gaba ko baya, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa waje a kwana, don haka shi ke fara sulɓewa. Masu ƙera motocin jama'a da gangan suke barin gaba ya fara sakewa, domin direba ya fi iya ceto motar da ta miƙe a kan wadda bayanta ya juya.

A kan siminti ko kwalta mai kyau, waya mai ɗan kauri ta fi. A rairayi da gargada, irin filayenmu na bakin kogin Kwara, siririya ta fi, wani lokaci ma babu ita ya fi, don a can kana son kowace taya ta bi raminta ba tare da ta ɗago 'yar'uwarta ba. Manyan motocin daji ma haka suke. Jeep Wrangler Rubicon tana da maɓallin da ke raba ƙarfen gaba idan an shiga duwatsu, Toyota kuma ta sa wa wasu Land Cruiser da Prado tsarin da ke sassauta shi da kansa. Amma ku lura, da sun hau titi suka ɗauki gudu, ƙarfen komawa aiki yake yi. Kuma duk gwajin da za ku yi, abu ɗaya za ku sauya a lokaci ɗaya, ku rubuta a littafi. Wanda ya sauya waya da sifirin da taya a tashi guda, ko motar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, kuma da ku nake, iyayen gidana direbobi da masu lodi.

Sitabilaiza ba ya rage nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana. Rage kwanciyar jiki yake yi, ya kuma raba nauyin tsakanin gaba da baya. A kwana guda, kason nauyin da ke komawa gefe abu uku ne ke yanke shi: gudu, faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. Masuntanmu da masu fito sun riga kowa sanin wannan. Ba mai jirgin da zai yarda a tula buhuna sama a bar cikin jirgi fayau, ko fasinjoji su miƙe tsaye a tsakiyar ruwa. Abin da suke kiyayewa a Kwara shi muke takewa a kan titi.

Injiniyoyi suna da awo mai sauƙi: faɗin tsakanin tayoyi, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. A ce faɗin mita 1.45 ne, cibiyar nauyi tana mita 0.55 daga ƙasa. Amsa ta kama 1.3, kuma irin wannan mota a kan titi mai kyau takan sulɓe kafin ta kife. To a ɗora buhuna a kan rufi, a cika but har ya ƙi rufuwa, a ƙara wa sifirin baya tsawo don kada ta zauna, cibiyar ta haura mita 0.8. Amsa ta faɗo 0.9. Motar ba ta sauya suna ba, direban bai sauya hannu ba, amma ba ita ce motar jiya ba. Ga kuma gudu, wanda shi ma ninka kansa yake yi. Kwanar da ka sha a kilomita 40, in ka shige ta a 60, ƙarfin da ke tura ka waje ya ninka sau biyu da kwata. A 80 ya ninka sau 4. Babu kaurin ƙarfen da zai biya wannan bashi.

Kada a ɗauka ƙananan mutane ne kawai lissafin nan ke kamawa. A 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class da gwajin kauce wa dabba: a fizge sitiyari gefe, a fizgo shi a dawo. Motar ta kife a gudun da bai wuce kilomita 60 ba. Dole kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya rage mata tsayi, ya ƙara wa ƙafafunta tauri, ya sauya tayoyi, ya sa na'urar lantarki mai taka birkin taya ɗaya-ɗaya idan mota ta fara fizga. Wannan gwajin mu kullum muke yin sa ba shiri, duk ranar da saniya ko ɗan acaɓa ya faɗo mana titi.

A nan nake roƙon iyayen gidanmu na gareji. Mun san yadda ake yi. Linkej ya mutu, ko robar bushin ta cinye, mota tana ƙwanƙwasa a gargada, mai mota ya ce ba kuɗi, sai a kwance ƙarfen a jefa bayan shago a ce ai ba ya aikin komai. A tafiyar miƙe, gaskiya ne, ba za a ji bambanci ba, har ma ta fi laushi. Ranar fizgar sitiyari ce za a neme shi a rasa. In na gaba aka cire aka bar na baya, an mayar da ita motar da bayanta ke fara juyawa, da lodi a kai. Linkej da bushin suna cikin kayan gyara mafi araha a ƙafar mota. In mai mota ya ƙi saye, a gaya masa a fili abin da ya zaɓa, a gaban yaran shago, don su ma su ji.

Malamai, ga abin da za a iya yi a kowace makaranta ba tare da an sayi motar rimot ba. Yaranmu gwanaye ne wajen ƙera motar kara da ta gwangwani. Suna yanka tayoyi daga tsohon silifa, suna sa madubi da lamba, har da rubutun bayan mota. Duk basirar tana tafiya ne wajen kama, wato ta yi kama da ta gaske. Ina so mu tura su mataki na gaba, ta yi aiki irin na gaske. Ɗan faifan katako ya isa gangar jiki. Hannayen ƙafa a yanka su daga langa-langa, a maƙala su da ƙusa yadda za su yi lilo. Sifirin cikin biro ya isa. Sai a samo allo, a kafa ɗan siririn katako a gefensa don kada taya ta zame, a ɗora motar, a riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har ta kife, a auna tsayin da aka ɗaga. A ɗaura dutse a ƙasan motar a auna. A mayar da dutsen kan rufi a auna. A sa waya, a cire waya, a auna. Yaro zai gani da idonsa cewa wayar ta taimaka kaɗan, amma inda aka ajiye dutsen shi ne mai hukunci. Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Da irin wannan gwaji aka daɗe ana tantance bas mai bene a Ingila: a loda nauyi a benen sama, a bar ƙasa ba kowa, a karkata ta har digiri 28, kuma dole ta tsaya ba ta kife ba.

Kada wani ya ce wannan ilimi ya fi ƙarfin ɗan ƙasar nan. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kabi ya karanta zanen gine-gine, ya gama a 1988. Daga baya ya tafi Detroit ya karanta zanen motoci, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Daga Bahindi zuwa Birnin Kabi ba tafiyar kwana ba ce.

Abin da nake nema a wajen kowane mai gareji kaɗan ne: tsohon sitabilaiza guda da mataccen linkej guda, a ba makarantar da ke kusa, yara su riƙe a hannu su ga inda roba ke cinyewa. Malamin lissafi kuma ya ara musu rula da awa ɗaya a mako. Yanzu zan cire wayar gaba daga motar nan, in bar ta baya, mu fita fili. Ina son direba ɗaya da ɗalibi ɗaya su karɓi rimot, kowa ya sha kwanar nan ta gindin bishiya, sannan mu dawo a yi tambayoyi.